Daga ƙofar asibiti zuwa bakin hanya: jagora ga likitan da ke son aikin gaggawa na ƙashin kansa a Damagaram

Duk wanda ya yi kwanan gardi a sashen gaggawa na babban asibitin ƙasa na Damagaram ya san yadda ake kawo mutane. Wani a kan kabu-kabu, an matse shi tsakanin mutum biyu, ƙafarsa da ta karye tana lilo. Wata a cikin adaidaita, zanenta ya jiƙe da jini tun daga ƙauye. Sau da yawa abin da ya yanke wa mara lafiya hukunci a hanya ya faru, kafin likita ya sa masa ido. Wannan tazarar da ke tsakanin inda ciwo ya kama mutum da ƙofar asibiti aikin likita ce, kuma mutum zai iya mai da ita sana'arsa, ya ci abinci da ita cikin mutunci. Sai dai akwai tsari. Mafi yawan masu wannan tunani da ambilans suke farawa, alhali mota ita ce ta ƙarshe. Hannu ne farko, sannan takardu, sannan sanin wanda zai biya, kana a zo maganar mota. Da “kai” zan yi magana, amma ƙannenmu mata, har da ku.

Takardar digiri da rajista

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka kammala karatun likitanci, ko a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, ko Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ka kare kundinka, ka yi rantsuwa. Wanda ya yi karatu a waje ya fara neman takardar daidaita digirinsa da na gida. Daga nan ka yi rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, ka riƙa biyan kuɗin shekara a kan kari. Duk takardar da za ka nema nan gaba sai an tambaye ka lambar rajistar nan.

Shekarun da ba a tsallakewa

A ganina, kada ka fita kafin ka yi aƙalla shekara uku cikin asibiti, kuma ba a ofishin duba masu mura ba. A bakin hanya babu babban likitan da za ka kira ya karɓe ka, babu laboratuwar, babu hoto. Abin da hannunka ya iya shi ne kawai abin da mara lafiya zai samu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ka raba shekarun nan da gangan. Sashen gaggawa zai koya maka tantance wa za a fara dubawa in mutum goma sun shigo tare. Amma ɗakin tiyata da sashen farfaɗo da marasa lafiya su ne makarantarka ta gaskiya. Ka roƙi masu sa barci su bar ka kana tsayawa a kan mara lafiya kowace safiya, ko da ba a biya ka ba. A wurinsu za ka iya riƙe hanyar numfashi da hannu, da hura iska da balan har ƙirji ya ɗaga, da sa bututu a maƙogwaro. Hura iska da balan ya fi sa bututu muhimmanci a wajen asibiti, domin shi za ka fi yi, kuma shi ne zai cece ka ranar da bututun ya ƙi shiga. Ka koyi samun jijiya a jikin wanda jininsa ya tsiyaye, da allurar cikin ƙashi in jijiya ta gagara, da huda ƙirji a fitar da iska ko jini. Ka koyi ketamin, maganin sa barci, sosai, alherinsa da sharrinsa, don a yanayinmu shi ne maganin da ba ya kayar da bugun jini kamar sauran.

Daga nan ka wuce cibiyar uwa da yaro. Likitan gaggawa a jiharmu da bai iya zubar jini bayan haihuwa da jijjigar masu ciki ba, rabin aikinsa ya ɓace. Matse mahaifa da hannu, oksitosin, giram 1 na asid taraneksamik cikin awa 3 na farko, salfet na magneziyom da sanin alamar ya yi yawa, duk su zama abin da kake yi ba tare da buɗe littafi ba.

Sai yara. Ka nemi damina guda, daga Agusta zuwa Oktoba, ka yi ta a ɗakin yara na Magaria ko na Mirriah, inda ƙungiyoyi irin su MSF da BEFEN da ALIMA suka daɗe suna aiki. A wata uku za ka ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ƙarancin jini da faɗuwar suga fiye da abin da wani likitan ke gani a shekaru. A can ne za ka san cewa artesunat miligiram 2.4 ne a kowane kilo, amma 3 ne ga yaron da bai kai kilo 20 ba. A can kuma za ka san cewa yaro mai tamowa ba a dura masa ƙarin ruwa da gudu kamar sauran yara, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Wannan darasin kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Ka buɗe kaye tun ranar farko, kana rubuta duk aikin hannun da ka yi, da kwanan wata, da sa hannun wanda ya tsaya a kanka. Ranar da za ka zauna gaban kamfani ko ƙungiya neman kwantiragi, wannan kayen zai yi maka magana.

Ƙarin karatu

Hanya biyu ce. Mai tsawo ita ce takardar ƙwarewa ta likitoci, DES, a fannin sa barci da farfaɗowa, shekara huɗu ko fiye, a Yamai ko Kwatano ko Dakar ko Abijan. In kana da hali da ƙuruciya, ita nake ba ka shawara, domin ko aikin ƙashin kai bai yi ba, ba za ka rasa wurin aiki ba. Gajerar kuwa ita ce tara kwasa-kwasai: na kulawar gaggawa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, da TETU na tantance yara, da SONU na gaggawar haihuwa, da na kula da waɗanda suka yi hatsari kafin a kai su asibiti, da na farfaɗo da zuciya. Ka ƙara da koyon eko na gaggawa, wanda ake duba ko jini ya taru a ciki ko a ƙirji. Na'urar yanzu ta dawo ƴar ƙarama da ake haɗawa da waya.

Ka fara fita a ƙarƙashin wani

Kafin ka ɗora sunanka a jikin mota, ka yi aikin waje da albashin wani. Ka nemi horo a SAMU, hukumar agajin gaggawa ta lafiya, masu lamba 15, ka ga yadda ake karɓar kira da yanke shawarar wa za a tura. Ka karɓi rakiyar marasa lafiyan da asibiti ke turawa Yamai ko Maradi, aikin da da yawa ke gudu. Ka yi watanni a asibitin wani kamfani da ke daji ko a tawagar wata ƙungiya. Ka kuma san ƴan kwana-kwana na gari, masu lamba 18, ido da ido, don a wurin hatsari su ne za ka tarar ko su tarar da kai. A wannan lokacin ne za ka gane ko jikinka na ɗaukar aikin. Wasu likitocin ƙwararru ne a ɗaki mai fitila, amma hayaniyar jama'a da ƙura da girgizar mota na rikita su. Ba aibi ba ne, gara dai mutum ya sani kafin ya ci bashi.

Takardu

Izini biyu ne daban, kuma mutane na haɗa su. Akwai izinin kai kanka ka yi aikin likita mai zaman kansa, akwai kuma izinin buɗewa da gudanar da wurin aikin. Duka daga Ma'aikatar Lafiya suke fitowa, kuma takardunka ta ofishin lafiya na jiha, DRSP, za su bi. Ka je da kanka, ka karɓi jerin abin da ake buƙata a rubuce, ka faɗa musu ƙarara cewa aikinka ya haɗa da zuwa gida da ɗaukar marasa lafiya a mota, don a rubuta shi cikin izinin. In ma'aikacin gwamnati ne kai, ka daidaita matsayinka tukuna, ko hutun ajiye aiki na wani lokaci ko murabus. Kada ka riƙe albashin gwamnati da hannu ɗaya kana tura marasa lafiyan asibiti zuwa motarka da ɗayan. Garin nan ƙarami ne, kuma abin haram ne.

Sauran na kasuwanci ne: rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar NIF ta lanho, rajistar ma'aikatanka a CNSS, asusun fansho da jin daɗin ma'aikata. Asirans kuma iri biyu, na mota da waɗanda ke cikinta, da na kuskuren aiki. Magungunan da doka ta sa wa ido, irin su morfin, suna da nasu izini da nasu rajista da akwati mai makulli. Ka sayi magani ta ONPPC, hukumar magunguna ta gwamnati, ko dillalan da aka yarda da su. Maganin kasuwa, ko da rabin kuɗi ne, kada ya shiga jakarka.

Wa zai biya

A nan ne yawancin masu niyya mai kyau ke faɗuwa. Ɗan kabu-kabun da mota ta buge a hanyar Takieta ba shi da abin biyanka, kuma ba za ka tsaya ciniki a kansa yana zubar da jini ba. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na tiyatar haihuwa a asibitocinta, saboda haka talaka yana da dalilin nufar can kai tsaye. In ka gina lissafinka a kan kiran gaggawa na jama'a, wata shida ba za ka kai ba.

Abin da ke riƙe irin wannan aiki kuɗi ne da ke shigowa kowane wata ko an kira ka ko ba a kira ba. Ka duba kewayenka. Matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 a hanyar Tanout, da kamfanonin da ke yi mata aiki. Masu gina hanyoyi da ke kafa sansani nesa da gari. Bankuna, makarantun kuɗi masu kwana, ƙungiyoyin agaji da ma'aikatansu ke yawo a ƙauyuka, kamfanonin bas na Yamai da Agadas da Diffa. Kowannensu za ka iya kai masa takarda mai shafi biyu: ga abin da zan yi, ga minti nawa zan iso cikin gari, ga kuɗin wata. Ka haɗa da horar da ma'aikatansu taimakon farko. Wannan horon ba ya buƙatar mota, yana kawo kuɗi tun watan farko, kuma direban bas da ka koya wa matse rauni zai iya ceton ran da kai ba za ka taɓa riska ba.

Na biyu shi ne taruka: gasar kokowa, wasan ƙwallo, hawan salla, wa'azin ƙasa, manyan bukukuwa. Na uku rakiyar mara lafiya zuwa wani gari. Na huɗu iyalai masu tsofaffi a gida, masu hawan jini da suga da shanyewar ɓarin jiki, waɗanda ƴaƴansu ke Yamai ko Kano ko ƙasar waje, suna son lambar da za a kira da tsakar dare, su kuma su biya a wata.

Ka rubuta farashinka, ka manna, ka ba da rasit. Ka kuma ware wani kaso tun farko na waɗanda za ka ɗauka fisabilillahi, ka san iyakarsa. In ba ka sa masa iyaka ba zai cinye aikin, a rasa mai ɗaukar kowa.

Jaka tukuna, sannan mota

Shekarar farko za ka iya yin ta da jaka biyu da ƙaramar mota ko babur. Jakar farko ta numfashi da jini: balan na manya da na yara, na'urar zuƙe majina wadda ake matsawa da hannu, bututai, maɗaurin tsai da jini, bandeji mai yawa, ledojin ƙarin ruwa, karan ɗori na zamani, abin ɗaure ƙugu. Ta biyu ta magani da awo: na'urar awon suga, ta awon oksijen a yatsa, ta hawan jini, gwajin zazzaɓin sauro, adirenalin, diyazefam, ruwan suga mai kauri, salbutamol, seftiriyakson, artesunat. Na'urar girgiza zuciya ta biyo baya da zarar kuɗi ya samu.

Zafin Afrilu da Mayu abokin gaba ne. Motar da aka ajiye a rana cikinta na wuce abin da magani ke jurewa nesa ba kusa ba. Oksitosin da insulin sai sanyi, wutar NIGELEC kuma ka san halinta a bazara. Ka sayi ƙaramin firij mai aiki da hasken rana da kula mai ƙanƙara, kuma kada jakar magani ta kwana a mota.

In lokacin mota ya yi, ka zaɓi wadda makanikan Damagaram suka sani, wadda ake samun kayanta a gari. Don hanyoyin yashi na Tanout da Gouré da Damagaram Takaya, Land Cruiser ce. Don kwalta da cikin gari, Hiace ta isa, kuma ta fi faɗin da za ka tsaya a kan mara lafiya. Ambilans ɗin da aka kawo daga Turai mai cike da na'urori tana da kyan gani, amma ranar da ƙaramin abu ya lalace a cikinta sai ta yi wata uku a gareji.

Oksijen kuwa da alƙalami ake lissafa shi kafin a tashi. Ka ninka girman tukunya da abin da agogonta ya nuna a ma'aunin bar. Tukunya mai lita 10 da agogo a kan 150 tana da lita 1500. In mara lafiya na shan lita 10 a minti, minti 150 ke nan, awa biyu da rabi. Maradi kusan kilomita 240 ce, ka ga tukunya ɗaya ba ta kai ka da kwanciyar hankali. Yamai kusan kilomita 900 ce, tafiyar yini guda cur. Ka lissafa abin da ake buƙata, ka ƙara rabinsa saboda faci da shingen bincike, ka kuma san inda za a cika maka a hanya. Haka man mota: zuwa da dawowa ake lissafawa, da kwanan direba da na anfirmiye, a faɗa wa iyali jimla ɗaya tun a gida.

Mutanenka

Anfirmiye ɗaya nagari da direba ɗaya mai haƙuri. Makarantar kiwon lafiya ta ENSP ta nan garin na yaye anfirmiyoyi, ka nemi wanda ya yi aiki a sashen gaggawa ko na farfaɗowa. Direban da ke son gudu da jiniya ba naka ba ne. Ka koya masa danna ƙirji da riƙe kai da ɗaga gadon ɗauka, ka kuma koya masa cewa birki mai ƙarfi na iya tsinke abin da ka ɗaure. In za a shiga gidan da mace ce ba lafiya, samun mace a tawaga na buɗe ƙofar da digirinka ba zai buɗe ba.

Yadda fita ke kasancewa

A waya ka tambayi abu huɗu: ina ne, me ya faru, yana magana, yana numfashi. Unguwanninmu ba lambar gida, don haka a Birni ko Zango ko Kara-Kara ko Garin Malam, ka ce a tsayar da yaro a bakin masallaci ko famfon da kowa ya sani.

A wurin hatsari za ka tarar da jama'a sun riga ka. Wani na jan wanda ya ji ciwo ta hammata, wani ya kawo ruwa zai ɗura masa. Tsawa ba ta korar mutane, aiki ne ke korarsu. Ka sa direba ya gindaya mota ta kare wurin, ya kunna fitilu. Ka dubi dattijon da ya fi kowa faɗa a ji ka ce, “Baba, don Allah ka matsar mini da mutane baya, ka bar mini mutum huɗu masu ƙarfi.” Mai ruwan nan ka miƙa masa ledar ƙarin ruwa: “Malam, riƙe wannan sama, kada ka sauke.” Jinin da ke tsartuwa shi ne farko, a matse ko a ɗaure, a rubuta lokacin a jikin maɗaurin. Sannan hanyar numfashi, numfashi, bugun jini, hankali, sai a buɗe jiki a duba ko'ina, a rufe shi. Wanda ke zubar da jini a ciki ba ka da maganinsa a bakin hanya, likitan tiyata ne maganinsa, don haka kada ka wuce minti goma a wurin.

Rakiyar nesa kuma a gado ake cin nasararta kafin a tashi. Jijiya biyu, bututun fitsari, suga an auna, ciwo an kwantar, komai an ɗaure. Ka kira likitan da zai karɓa, ka ji daga bakinsa cewa akwai gado, ka rubuta sunansa. Ka tambayi jandarmomi halin hanya in za ka yi arewa ko gabas, kuma ka guji tafiyar dare in ba dole ba. Masu son Kano ta Matameye da Daura, ka tabbatar da halin iyaka a ranar, ka kuma san izininka na Nijar ne, aikinka a can miƙa mara lafiya ne kawai.

Akwai ranar da iyali za su zo da kuɗi a hannu suna son a kai tsohonsu Yamai, kai kuma ka ga ba zai kai ba. Ka ja babban ɗan gefe, ka zauna, ka ce, “Alhaji, rai na hannun Allah, amma abin da na gani, in muka ɗauki Baba yanzu ina tsoron ko Tessaoua ba za mu kai ba. A bar shi nan mu yi masa abin da za mu iya, kuna kusa da shi.” Wasu za su ji, wasu za su nemi wata motar. In sun dage kuma ka ga akwai ƴar dama, a rubuta abin da ka faɗa, su sa hannu. In babu dama ko kaɗan, kada ka karɓi kuɗin.

Kai da asibiti

Duk wanda ka ɗauka, a ƙofar wani za ka sauke shi. Ka kira kafin ka iso. Ka miƙa shi da takarda ɗaya mai ɗauke da lokacin da abin ya faru, abin da ka tarar, abin da ka ba shi da ƙarfe nawa, da awon da ka yi a hanya. Ka gaida majo, shugaban anfirmiyoyin sashen, ka taimaka a ɗora shi a gado, kada ka tafi sai wani ya ce ya karɓa. Kashegari ka koma ka tambayi yadda ya kwana, domin a nan ne za ka san ko abin da ka zata shi ne. Kada ka karɓi la'ada daga wata kilinik don ka riƙa kai mata mutane. Inda ya dace da ciwon da aljihun iyali, nan za ka kai.

Ka ajiye kwafin kowace takarda. Ƙarshen wata ku zauna kai da anfirmiye da direba ku bi su ɗaya bayan ɗaya: minti nawa kuka ɗauka, me ya ƙare a jaka, wa ya rasu, me za a canza. Cututtukan da doka ta ce a sanar, irin su sanƙarau da ya addabi jihar nan a 2022 da 2023, da mashaƙo, da kwalara, ka sanar da likitan gunduma a ranar. Kuma tun kafin kwantiraginka na biyu ka nemi wani likitan da za ku riƙa karɓa-karɓar dare da shi, ku rubuta ranakun kowa da kason kowa, ku ba abokan hulɗa lamba ɗaya wadda wayarta ke hannun mai gardin ranar.